Kayan aikin kafinta ga ɗan koyo: me za a fara saya, me za a jinkirta

Wannan jawabi ne da malamin kafinta ya yi wa sabbin 'yan koyo da iyayensu a Garin Kaka. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma 'yan'uwa na Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Iyayenmu maza da mata, sannunku da zuwa, mun gode da kuka bar ayyukanku kuka zo. Ku kuma 'ya'yana da ƙannena 'yan koyo, ku matso gaba, maganar taku ce.

Tun ranar da aka rubuta sunayenku tambaya ɗaya kuke yi mini: Malam, nawa za mu tara mu sayi kayan aiki? Wasu har sun leƙa shagunan Maraɗi, sun ga akwati cike da kaya masu sheƙi, sun ji kuɗin, sun dawo jiki a sanyaye. Wata uwa ta ce da ni gara ɗanta ya bar koyon tun yanzu, tunda ko ya iya ba su da abin saya masa kaya. To, saboda irin wannan magana na ce a tara mu yau. Yawancinmu nan daga Zamfara da Sakkwato da Katsina muka fito tun 2019, wasu bayan haka, kuma kowa ya san yadda aka fito: ba wanda ya tsaya ɗaukar zarto. Ba zan yi muku lissafin mai kuɗi ba.

Abin da ɗan koyo yake bukata ya fara cin abinci da hannunsa bai wuce zarto da guduma da abin awo da cizal biyu da dutsen washi ba. Da waɗannan za ka yi benci, ka yi teburin mai shayi, ka gyara ƙofar da ta saki, ka yi akwatin ajiyar kaya. Kuma irin aikin da ake nema a wurin nan ke nan. Ba wanda zai zo maka da aikin gadon amarya a watan farko.

Bari in fara da zarto, don nan aka fi cutar baƙon sana'a. Zarto iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda idan ka duba haƙoransa za ka ga bakinsu ya yi baƙi ko shuɗi-shuɗi, daban da sauran jikin ƙarfen. Wannan an ƙona haƙoran ne a masana'anta don su yi tauri. Sabonsa yana ci kamar wuta, amma ranar da ya dakushe ya gama aiki, domin magagari ba ya kama shi, zamewa kawai zai riƙa yi. Ɗayan kuwa launinsa ɗaya ne daga baya har haƙora, shi ne ake wasawa. Wannan na biyun nake so ku nema, ko da tsoho ne, ko da ya yi tsatsa sama-sama. Zarton da ake wasawa yana kai mutum shekaru. Na ga wanda uba ya bar wa ɗa, faɗinsa ya ragu saboda yawan washi amma yana nan yana ci.

In kun je saye ku tafi da ɗan magagari mai kusurwa uku a aljihu, ku nemi izinin mai kaya ku goga a haƙori ɗaya na can ƙarshe. In ya kama, madalla. Sai ka ɗaga zarton daidai idonka, ka hango layin haƙoran daga mariƙi zuwa ƙarshe kamar mai saitin gwafa. Ya zama miƙaƙƙe. Ka ɗan tanƙwara shi ka saki. Mai kyau zai koma yadda yake, marar kyau zai zauna a karkace. Haƙori ɗaya ko biyu da suka karye ba matsala ba ne, amma lanƙwasa a tsakiya matsala ce, ka bar shi ko da kyauta aka ba ka rabin kuɗin. Tsawo kamar santimita 50 zuwa 55 ya isa, mai haƙora 7 ko 8 a kowane inci, shi ne ke yin aiki iri-iri. Mariƙin da ya tsage kada ya hana ku saye, ma rage kuɗi da shi. Mariƙi katako ne, mu kuwa kafintoci ne.

Washin zarto ba asiri ba ne, a mako na uku za mu yi shi tare. Ana matse shi tsakanin katako biyu, a bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kowanne a goga masa daidai yadda aka goga wa ɗan'uwansa, sau biyu ko uku. Sannan a ɗan karkata kan haƙoran, wannan dama wannan hagu, don hanyar da zarton ke yankawa ta fi kaurin jikinsa. Idan kun ji zarto yana maƙalewa a cikin katako, sau da yawa ba kaifi ya rasa ba, wannan buɗin ne ya rufe.

Guduma ba ta da dogon bayani. A nemi mai baki biyu a baya na cire ƙusa, nauyinta kusan rabin kilo. Kan guduma da babu ƙota ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma wurin masu tsofaffin ƙarafa ake samunsa. Ka saye shi, ka fafe ƙota da kanka da reshen aduwa ko marke busasshe. Ita ce ma jarrabawarku ta farko a wurina. Masu ƙotar bututun ƙarfe marar kauri da aka naɗe da roba, ku bar su. Ƙusa mai taurin kai ɗaya ke tanƙwara su.

Sai awo, kuma a nan ina so ku buɗe kunne sosai, don akwai abin da ya shafe mu mu da muka ƙetaro. A gida da inci da ƙafa aka koya mana aiki. A nan Nijar da santimita da mita ake yi. Inci 1 santimita 2.54 ne, ƙafa 1 kuma ta ɗan haura santimita 30. Mutumin gari zai ce maka yana son tebur mai tsawon tamanin, santimita yake nufi. In ka auna masa inci tamanin ka yi masa abin da ya haura mita 2, ka ɓata katako ka ɓata ciniki. Saboda haka tef ɗin da za ka saya ya zama mai lamba biyu, inci a gefe ɗaya santimita a ɗaya gefen, mita 3 ko 5. Kuma duk wanda ya kawo aiki, kafin ka sa zarto, ka ja tef ɗin a gabansa ya ga tsawon da idonsa.

Sikwaya, wato abin da ake duba daidaiton kusurwa da shi, ba dole ka saya yanzu ba. Ka haɗa katako biyu, ka auna 30 a ɗaya, 40 a ɗayan; idan tsakanin alamomin biyu ya ba ka 50 cif, kusurwarka ta yi daidai, sai ka buga na uku ya riƙe su. In kuma za ka sayi ta ƙarfe, ka gwada ta a wurin: ka jingina ta da gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, ka juya ta ɗaya gefen ka sake ja a wuri ɗaya. Layi biyun su hau kan juna. In sun buɗe baki, sikwayar ƙarya ce, kuma duk abin da ka yi da ita zai riƙa rawa a ƙasa. Ana sayar da irinsu sababbi ful, cikin leda.

Yanzu cizal. Za ku ga jeri na shida ko takwas a kwali, kuɗinsu duka bai kai na guda ɗaya mai kyau ba. Araha ba ta ado. Irin waɗannan ƙarfensu laushi ne, kana wasawa suna dakushewa kafin ka gama rami ɗaya, sai yaro ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba, alhali kayan ne. Biyu sun ishe ka: mai faɗin milimita 12 da mai 25. In kuɗi ya samu daga baya ka ƙara mai 6. Gwajinsu da magagarin nan ne, amma ku lura, akasin na zarto ne. A zarto muna son magagari ya kama. A cizal muna son ya zame. In ka goga kusa da baki ka ga yana cin ƙarfen kamar sabulu, ajiye. Ka kuma juya bayansa: ya zama shimfiɗaɗɗe, babu ramukan tsatsa masu zurfi kusa da baki, domin duk inda rami yake nan kaifin zai riƙa yin giɓi.

Kada ku raina maƙeran garin nan. Tun kafin a kawo kayan kanti su ke ƙera wa masassaƙa gizago da gatari, da su aka sassaƙa turmi da akushi da allon da muka yi karatu a kai. Maƙeri zai iya fitar maka da cizal daga mataccen magagari ko guntun sifirin ɗin mota, don duka biyun ƙarfe ne mai ɗaukar tauri. Abin da ba ya yi shi ne rodin gini. In an ƙera maka da rodi, kuɗinka ya tafi. Ka kai ƙarfen da kanka in za ka iya. Bayan ya tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sai ya sake ɗumama shi kaɗan har bakin ya yi launin busasshen kara, don kada ya riƙa ɓarewa kamar kwalba. In ya wuce ya yi shuɗi, ya yi laushi. Tsofaffin maƙera sun fi ni sanin wannan, ba sai ka koya musu ba. Na gaya muku ne don ku san abin da kuke kallo. Wannan shuɗin kuma shi ne abin tsoro a wurin masu injin washi na kasuwa. In mai injin ya danna cizal ɗinka har bakin ya canza launi, ya kashe masa tauri a wurin. Ka tsaya a kansa, ka ce ya riƙa tsomawa a ruwa.

Gizago ma, in ka samu, ka riƙe. Wasu samari suna jin kunyarsa wai kayan ƙauye ne. Kafin ka mallaki abin goge katako, shi zai rage maka tudu.

Abin gogen nan, wanda muke ce wa jakfilen, a nan kuma za ku ji ana ce masa rabo, shi ne ya fi komai tsada, kuma shi ne ya fi jan hankalin yara. Shawarata kada kowa ya saye shi a watanni na farko. Ku yi aiki da na rumfa, ko mutum huɗu su haɗa su sayi ɗaya. Ranar da za ka sayi naka, mai lamba 4 ko 5 shi ne na aikin yau da kullum. Mai lamba 5 ɗin tsawonsa inci 14 ne. Sunan Stanley da za ka gani a jiki ba ya isa shaida, akwai na gaske akwai kwaikwayo. Ka kwance shi a gaban mai shi. Ka duba gefen bakin da ruwan ke leƙowa, nan yake tsagewa in ya taɓa faɗuwa, kuma irin wannan ƙarfen in ya tsage gyaransa da wuya. Ka ɗora tafinsa a kan gilashi ko wani abu shimfiɗaɗɗe ka ga ko yana rawa. Ka juya abin da ke tura ruwan gaba da baya ka ga yana aiki. In wani ƙaramin sashi ya ɓace, kada ka yarda da "za ka samu a gaba"; ba a cika samu ba. Kuma kada a aiko maka da shi daga nesa ba ka gani ba, cinikin biri a sama ke nan. In ruwan kaɗai ka samu mai kyau, saye shi, ana yin jikin da katako mai tauri, zan nuna wa wanda ya kai nan.

Na bar dutsen washi a ƙarshe amma da za ku bi tawa, shi za ku fara saya. Dutse mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi. Cizal mai matsakaicin kyau a hannun wanda ya iya washi ya fi mai tsada a hannun wanda bai iya ba, kuma dakusasshen ƙarfe shi ke yanka mutum, don sai ka danna da ƙarfi sannan ya kuɓuce. Gangaren bakin cizal kusan digiri 25 zuwa 30 ne. Ba ku da abin auna digiri, to ga hanya mai sauƙi: tsawon gangaren ya zama ninki biyu na kaurin ƙarfen, ko ya ɗan fi. In ka fara amfani da mai a dutse, ka ci gaba da mai. In ruwa, ruwa. Wanda bai samu dutse ba ya manna sanfefa a kan guntun gilashi, ya ƙarasa da tsohuwar fata. Sauran abubuwa, gudumar katako ta bugun cizal, abin jan layi, teburin aiki, akwatin kaya, duk da hannunku za ku yi su a nan. Kada kowa ya kashe ko dala a kansu.

Tunda na ambaci dala, bari in tsaya a kan kuɗi, don sababbin zuwa har yanzu ana rikita su. A kasuwar nan da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai kaya ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi. Jikka kuma sefa 1,000. Kada ka ji "ɗari uku" ka yi murna ka ce ka saya, sannan a ce ka kawo 1,500 rigima ta tashi. Ka ce ya nuna maka a waya ko ya rubuta. In za ku shiga Maraɗi ko Gidan Rumji, ku tafi tare da wanda ya san gari, ku fara da masu tsofaffin ƙarafa da masu baza kaya a ƙasa kafin shaguna. Ku tambayi tsofaffin kafintocin gari ma; da yawansu sun koma aiki da inji, kayan hannunsu na kwance a lungu, kuma in ka je da ladabi wani zai sayar maka da sauƙi, wani ma ya ƙara maka da shawara. Sai dai kayan da aka kawo maka da dare, ko yaro ya kawo da kuɗin da bai kai rabin ƙima ba, kada ka taɓa. Mu baƙi ne. In aka ga kayan sata a akwatin ɗayanmu, sunan dukanmu za a kira.

Ku riƙe takardarku ta shaidar gudun hijira duk lokacin da za ku fita, ku kuma nemi mai kaya ya rubuta muku 'yar takardar ciniki. Mutum ɗauke da ƙarafa masu kaifi a buhu, a irin wannan lokaci, jami'in tsaro zai tambaye shi, kuma yana da gaskiya. Ku naɗe su da kyau, ku yi bayani cikin natsuwa.

Akwai magana ɗaya mai nauyi. Na ji ana cewa wani yana da kayan mahaifinsa a can gida, zai lallaɓa ya ɗauko. Don Allah, iyaye, ku hana. An matso da mu nan nesa da iyaka ne saboda dalili, kuma dalilin bai kau ba. Babu zarton da ya kai ran yaro. Haka kuma kada a sayar da abincin gida don sayen guduma, kada a ci bashin da ke haihuwa. Ku yi adashi a tsakaninku, mutum biyar ko shida, wanda ya ɗauka ya sayi abu ɗaya mai kyau, ku riƙa ba juna aro kafin zagaye ya cika. Kuɗin aikin farko a raba shi uku: na gida, na katako da ƙusa, na kayan aiki. In kuma Allah ya sa wata ƙungiya ta raba kaya bayan an gama koyo, ban yi muku alkawari ba don ba a hannuna yake ba, to ranar za ku ga masu saye sun zo har bakin rumfa da kuɗi a hannu. Rabin ƙima za su ba ku, kuɗin ya ƙare a mako biyu. Na ga an yi, na kuma ga masu shi suna yawon aron zarto daga baya.

Iyaye mata, ku ma da aikinku. Cizal ba abin buɗe gwangwani ba ne, zarton kafinta ba na yankan itacen girki ba ne. In maƙwabci ya zo aro mai kayan ba ya nan, a ce ya jira. Kuma 'yan matan da suka shigo koyon nan, kayansu nasu ne, kada wa ko ƙane ya karɓe don shi namiji ne.

Game da katako, kada kayan aiki su ja ku cikin laifi. Dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 tana aiki a kanmu kamar yadda take aiki a kan 'yan ƙasa, kuma akwai itatuwan da aka kare, gawo na cikinsu. Itatuwan da kuke gani a gonakin nan ba su tsiro a banza ba, manoman Maraɗi ne suka raine su shekara da shekaru. Ko reshen ƙota kake so, ka tambayi mai gona. Tsofaffin akwatuna da katakon da ake ɗora kaya a kai suna da amfani, amma a nemi izini a wurin mai su, kada a ɗauka daga sito. Ka zare duk ƙusa kafin ka sa zarto ko jakfilen, ƙusa ɗaya tana ɓata washin yini guda. Ƙusoshin kuma a miƙe su a tara a gwangwani. In ka ga tambarin MB a jikin katakon, an yi masa feshin magani ne, kada a yi abin abinci da shi. Mai HT zafi kawai aka ba shi.

Ajiya kuma: da damina a shafe ƙarfe da tsumma mai ɗan mai kowace yamma. Da hunturu ƙota kan bushe ta saki, a duba kan guduma kafin a ɗaga, a buga masa tsinke ya matse. Kada a bar kaya a ƙasa, gara ba ta jin kunya. Akwatin ya zama mai kwaɗo saboda ƙananan yara. Kowa ya yi wa kayansa alama. Wanda tsohuwar ƙusa ta soke shi ko ƙarfe mai tsatsa ya yanke shi, ya wanke da ruwa da sabulu ya tafi asibiti a ranar, ya tambayi maganar allurar tetanos. Kada a cusa ƙasa ko toka a ciwon.

Zama mai zuwa kowa ya zo da duk wani tsohon ƙarfen aiki da ke gidansu, ko ya karye ko ya yi tsatsa, mu duba tare mu ga wanda zai tashi. Wanda ya riga ya sayi wani abu shi ma ya kawo mu gwada, in akwai na mayarwa a mayar tun da wuri. Waɗanda ke son shiga adashi su tsaya bayan an tashi a rubuta sunayensu. Allah ya sa wa abin da za mu koya albarka, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya.